Ruwan Gida Bakwai

Ni ma'aikaciyar duba-gari ce a Azare, yau shekara goma sha shida. Na rubuta wa mutane takardar gargaɗi ba adadi a kan ƙazamin ruwa, na sa an ci wasu tara, akwai mahaucin da har gobe ba ya amsa gaisuwata. Amma kwatar da ta fi ci min tuwo a ƙwarya ita ce ta lungunmu, wadda na tashi ina tsallakewa da takalmin makaranta. Shekarar da Allah ya kawo kuɗin rufe ta, gida bakwai suka sa hannu a yini ɗaya. Mutum ɗaya ce ta ƙi, kuma ita ce wadda kwatar ta fi cuta: Ya Gana.

Lungun Gangare ake ce wa lungun namu. Gida bakwai ne a jere, kowanne da rariyarsa a gindin katanga, inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke fitowa ya faɗa kwata ɗaya ya gangara. Lungun ba ya ɓullewa. Gidan Ya Gana ne na takwas, shi ya tare ƙarshen, bayansa kuma kududdufi. Saboda haka ruwan gida bakwai ta ƙarƙashin ƙofarta yake shiga, ya ratsa tsakar gidanta, ya gifta ta gaban ɗakin girki, ya fice ta baya. Haka mijinta, marigayi Malam Kashim, ya sayi filin, da sharaɗin dattawan unguwa cewa hanyar ruwa ba a toshe ta. Shi ya amsa sharaɗin, ita ta zauna da shi shekara arba'in da ɗoriya.

Babarbariya ce, daga Geidam aka kawo ta tana amarya. Doguwa ce, siririya, kullum cikin lafaya, kuma duk daɗewarta a Azare Hausarta ba ta yarda ta raba mace da namiji ba. Ni “kai” take ce min, mahaifina kuwa wani lokacin “ke”, abin da ya fi komai ƙona masa rai. Sana'arta haɗa turaren wuta da humra. Babu amaryar da za a kai ɗaki a unguwarmu ba a biyo ta hannunta ba. Hancinta kuwa, Allah ya kiyaye: za ta shinshina kwalba ta gaya miki an rage miski an ƙara ruwa. Wannan ita ce matar da kwata ke ratsa tsakar gidanta, kuma ban taɓa jin ta yi tsaki ba.

Kullum da gari ya waye, kafin yara su fito makaranta, takan ɗauki wata tsohuwar manjagara mai haƙori uku, ta hau har bakin lungu, ta biyo kwatar tana yashewa zuwa ƙofarta. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya biya ta. Mahaifina, Malam Bappayo, Bafillatanin Bulkachuwa ne, tela, gidanmu ne na huɗu. Tsakanin Fulani da Barebari kuwa kowa ya san wasan da ke akwai, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. In ya fito ya tarar da ita sai ya ce, “Ranki ya daɗe, sarauniyar kwata! An rasa masarauta a Barno, an zo an samu a ƙofar gidana.”

Ita kuma ba ta ko ɗagowa. “Wuce, bawana. In ban share wa bayina ba, wa zai share?”

Abin da ya sa mata suka riƙa yi da ita a bayan ido shi ne, Ya Gana ta cika sanin abin da ba a gaya mata ba. Mace za ta haihu da asuba, kafin a aika wa dangi sai ga ta da turaren jego. Wani zai kwanta zazzaɓi, ba a faɗa wa kowa ba, sai ga kunun tsamiya daga gidanta. Wasu suka ce tana da mutanen ɓoye. Wasu suka ce duba take yi. Ita dai ba ta taɓa cewa uffan ba.

Ina aji biyu na sakandare yanar ido ta rufe wa mahaifina, da muke kira Baffa, gani, ya ajiye keken ɗinki wata biyar. Abin da na riƙe daga lokacin shi ne burabusko. Kusan kullum da rana sai ga ƙatuwar langa daga ƙarshen lungu, burabusko da miyar kuka da busasshen kifi, da saƙo: “A kai wa Bafillatanin nan, kada ya ce uwargijiyarsa ba ta ciyar da shi.” Baffa ya yi ta faɗa, ya ce Barebari ba su iya miya ba, gishiri ya yi yawa, sannan ya cinye har ya suɗe. Ni a lokacin na ɗauka wasa ne kawai ya yi tsawo.

To, shekaru suka shuɗe, na yi makarantar kiwon lafiya, na kama aiki, na yi aure a wata unguwa. Rahoto nawa na rubuta a kan lungunan da ke kwana cikin ruwa, ban san adadi ba. Kwatsam aka ce gwamnati ta ciwo rance daga wani bankin raya ƙasa, za a binne bututu a wasu unguwanni, duk ƙazamin ruwa ya tafi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa matatar ruwa a bayan gari. Ranar da na ga sunan Lungun Gangare a jerin, sai da na yi sujada a ofis. Sharaɗi ɗaya ne: kowane gida ya sa hannu kafin ƙarshen wata. Lungun da bai cika ba, a cire shi a sa wani, don masu jiran gado sun fi a ƙirga. Babban bututun namu kuwa ba shi da hanya sai ta tsakar gidan Ya Gana.

Na tafi da injiniyan aikin, wani mai sanyin hali da ake kira Abdulsamad, ina ta fara'a kamar mai kai albishir. Muka same ta a kan tabarma, kasko na hayaƙi a gefe, kwatar na wucewa taku uku daga ƙafarta. Ya shimfiɗa taswira ya yi bayani dalla-dalla. Ta saurara har ya gama.

“Ke injiniya,” ta ce, “kuɗin nan, kyauta ne?”

“A'a, Iya, rance ne. Gwamnati za ta biya a hankali, cikin shekara ashirin da biyar.”

“Shekara ashirin da biyar ni ina kabari, ke ma kin yi furfura. Jikoki za su biya ke nan. An tambaye su?”

Ya yi murmushi ya ce ai su za su fi kowa moriya.

“Bashin, da ruwa ko ba ruwa?”

“Akwai ruwa, amma ɗan kaɗan ne.”

“Madalla,” in ji ta. “A ciwo bashi da ruwa don a binne ruwa.”

Abdulsamad ya yi dariya har da riƙe ciki. Ta ƙunsa masa turare ya kai wa iyalinsa, ta raka mu bakin ƙofa, ta sa mana albarka. Takardar dai muka dawo da ita yadda muka kai ta.

Ba zan ɓoye ba, na ji haushinta ƙwarai. Mai unguwa ya je, ta ce za ta yi shawara. Liman ya je, ta ba shi turare. Baffa ya tsaya a ƙofarta da sandarsa ya ce, “Na san dalili. In aka rufe kwata, an tuɓe ki daga sarauta.” A karon farko a rayuwata na ga ba ta rama ba. Mutanen lungu suka fara ƙunƙuni, wasu na cewa diyya take so a ba ta, wasu na cewa tsufa ne. Ni ina can ina ƙirga kwanaki, ina ganin abin da na shekara goma ina roƙo zai suɓuce saboda taurin kan tsohuwa ɗaya.

Saura kwana tara, na yi sammako na je ni kaɗai. Na tarar tana shirin fita da manjagararta. Ko gaisawa ba mu gama ba na fara zuba: sauro, taifot, yaran da ke faɗawa ciki, warin da ita kanta take shaƙa. Na ce, “Iya, don Allah me muka yi miki?”

Ta miƙo min manjagarar. “Kai Rahama, riƙe. Biyo ni.”

Muka hau bakin lungu. A rariyar gida na farko ta tsaya ta nuna da haɓa. Kumfa ce fal, ruwan na fita da ƙarfi. “Sun yi baƙi jiya, yau ana wanke zannuwa.” A na biyu ta ɗan sunkuya ta ja numfashi. “Ganyen darbejiya. Mai jegon ba ta fasa wanka ba, alhamdu lillahi.” A ƙofar gidanmu ta ture wani ƙashin kifi da yatsan ƙafa ta ce, “Bawana ya ci daɗi.” Ni dai ina biye, ina jan leda da tsumma, ina jira in ji inda zancen zai sauka.

A gida na shida ta tsaya ta daɗe. Gidan Talatu ne, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, tana soya awara a bakin titi.

“Me ka gani?”

Na ce ba komai, ɗan danshi ne kawai.

“Ruwan alwala ke nan. Duba da kyau. Akwai maiƙo? Akwai ƙwayar shinkafa ko ɗaya? Akwai tokar wanke tukunya?” Ta yi ƙasa da murya. “Jiya ma haka yake. Tukunyar da ba a ɗora ba, ba a wanke ta.”

Jiya-jiyan nan na haɗu da Talatu a bakin famfo, na ce yaya gida, ta ce lafiya lau, har ta tsokane ni a kan sabon mayafina. Na tsaya riƙe da manjagara ina kallon wannan busasshiyar rariya, sai wani abu ya faɗo min a rai.

“Iya, shekarar da Baffa ya yi ciwon ido…”

“Kwana huɗu rariyarku a bushe,” ta ce. “Na ce Bafillatanin nan zai kashe min yara da fulako. In na je na ce ga sadaka, wallahi sai ya gwammace ya mutu. Sai na ce ga abincin bawa.” Ta karɓi manjagararta. “Baki yana ƙarya, Rahama. Ka tambayi mutum, ya ce lafiya lau. Ruwa bai iya lafiya lau ba. Yanzu ku ce za ku binne shi. To, in kun binne, wa zai gaya min?”

Na ninke takardar na tura a jaka. Da rana ina wucewa na ga an shiga gidan Talatu da langa a rufe, wai Ya Gana ce ta gwada sabuwar miya tana so a ɗanɗana mata gishiri.

A makon nan aka yi ruwan sama na farko mai ƙarfi, kwatar ta cika ta batse, ta malale lungun. Bayan kwana biyu amai da gudawa ya ɓulla a gida na farko. Washegari sai na uku. Daga nan sai ƙaramar 'yar Talatu, Khaulat, mai shekara huɗu, aka kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti. Ina ta zirga-zirga da maganin feshi da ruwan gishiri da sukari, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan buɗe baki in ce wa Ya Gana “kin gani ko” ba. Ban ma je gidanta ba.

Ita ta zo. Saura kwana biyu a rufe jerin, da hantsi, sai ga ta a ofishinmu, ta hau acaɓa, abin da ta rantse ba za ta taɓa yi ba. Ta zauna a benci tana haki.

“Daga sama ya faro,” ta ce. “Gida-gida, yadda ruwan ke bi. Na bi sawunsa da idona. Ni ina cewa labari kawai yake kawo min.” Ta miƙo hannu. “Ina takardar taku?”

Na kawo, na buɗe mata tawada. Ta dangwala babban yatsanta, ta danna da ƙarfi kamar mai jin haushin takardar. Sannan ta zauna tana kallon shuɗin yatsan, ni kuma na juya baya ina gyara fayil ɗin da ba ya bukatar gyara, don hawaye ya cika min ido. Na so matar nan a ranar fiye da kowace rana. Khaulat ta tashi, Allah ya yi da sauran shan ruwanta.

Da kaka aka fara aiki, wata huɗu ana haƙa. Kowane gida aka yi masa ɗan akwatin siminti a bakin ƙofa, da murfin ƙarfe, inda bututunsa ke haɗuwa da babban. Aka cike kwatar, aka dabe lungun. Tsakar gidan Ya Gana ta bushe ƙarau, aka shafe ta da siminti, kuma a karon farko ƙamshin turarenta ya fito har bakin titi ba tare da abokin tafiya ba. Sauro ya ragu, yara suka sami filin wasan langa. Damina biyu ke nan ba a kai kowa asibiti daga lungunmu a kan gudawa ba. Ina alfahari da aikin nan, kuma ko yau aka dawo da takardar zan sake bin gida-gida da ita.

Ya Gana ta jingine manjagara ta koma bin gidaje da ƙafa, tana gaisuwar safe. Na taɓa cin karo da ita tana dawowa, tana dafa katanga saboda gwiwa. Na ce, “Iya, yaya mutanen lungu?”

“Gida bakwai,” ta ce, “lafiya lau bakwai.”

Sannu a hankali ta rage fita. Muka ce ai ta huta, shekarunta sun kai. Baffa yakan leƙa ya yi mata tsiya ta rama, ya dawo ya ce Babarbariya na nan da bakinta.

Cikin aikina akwai buɗe murafan nan duk bayan mako biyu, a ga ko leda ko yashi ya toshe. Ina da wani ƙarfe mai lanƙwasa da nake ɗaga su da shi. Wata Talata da safe na biyo lungun daga sama, ina buɗewa ina rufewa, ina sa alama a takarda, har na iso na Ya Gana. Na ɗaga. Babu toshewa. Na kusa mayar da murfin, sai hannuna ya tsaya. Ƙasan akwatin fari ne tas, sai ɗan siririn danshi a tsakiya. Babu maiƙo a gefe, babu ƙwayar hatsi.

Na ce wa kaina ƙila azumi take. Washegari na dawo, ba ranar aikina ba ce. Haka na sake samunsa.

A tsugune a wurin na fahimci abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Duk shekarun nan, ruwan gidanta ta baya yake fita, ya faɗa kududdufi inda ba mai bi. Ta karanta na kowa, nata ba wanda ya taɓa gani.

Na yi sallama na shiga. Tana zaune a kan tabarma, lafayarta wankakkiya, kasko na ɗan hayaƙi.

“Iya, ina kwana? Yaya gida?”

“Lafiya lau, alhamdu lillahi.”

Ban zauna ba, na wuce ɗakin girki. Murhu a sanyaye, ko toka babu, tukwane a kife, buhun gero a ninke a kan kwando. Daga baya na ji sauran: hannunta ya fara rawa, turaren ba ya haɗuwa yadda ta saba, amare sun koma saye a wurin 'yan mata masu talla a waya. Ɗanta Adam da ke Maiduguri shi ma ya kwanta jinya wata uku, ta hana a gaya masa komai. Na fito na durƙusa a gabanta, sai kuka.

“Kai, tashi, mene ne haka? Wa ya gaya maka?”

“Ruwanki, Iya.”

Ta gyara lafayarta. Sannan ta ce a hankali, “Ashe ana gani ta murfin.”

“Ana gani.” Na share fuska. “Iya, tsakaninki da Allah, wannan ne karo na farko?”

Ta ɗan yi murmushi ta kau da kai. “Gidan ƙarshe ba shi da na ƙasa da shi, Rahama. Ka bar tone-tone.”

Na miƙe na ce yanzun nan zan je gidan Baffa in ɗora tukunya, kuma in ta ce min a'a sai na tara mata lungun gaba ɗaya. Na kai bakin ƙofa ta kira ni.

“Na Talatu fa? Ka duba?”

Na tsaya. Jiya na buɗe shi da hannuna, na leƙa, na sa alama a takarda. Amma ko za a yanka ni ba zan iya faɗin abin da na gani a ciki ba.

“Na buɗe, Iya. Toshewa nake nema.”

“To koma ka duba da kyau. Ka faro daga sama, kada ka tsallake ko ɗaya. In ka gama ka zo da abincin.”

Na ɗauki ƙarfena na nufi bakin lungu.